Bafil ɗin da Na Zaɓo wa Baba

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wannan Talatar, ko da na so. Wata biyu ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na ji an saki ƙira'a da ƙarfi a wani gida, sai in nemi bango in dafa. Ƴan unguwarmu sun riga sun mai da labarin abin dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ce dai dariyar ba ta gama zo mini ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna, ko nauyin ya ragu.

Babanmu tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Ƙuruciyarsa duk a kan hanya ta ƙare, daga Kotonu zuwa nan Gaya, daga nan zuwa Yamai. Cikin duk abin da ya taɓa sayowa a tafiye-tafiyensa, babu wanda yake ji da shi kamar kayan sautinsa: wani ampili na ƙarfe mai nauyin tsiya, da lasifika biyu na katako (mu nan bafil muke ce musu). Ba kiɗa yake saurare ba. Ƙira'a ce, da tafsiri, sai labarun rediyo. Muna yara, wanda duk ya taɓa maɓallin ampilin nan ya san abin da zai biyo baya.

Bara tansiyo, wato hawan jini, ta buge shi. Ɓangarensa na hagu ya yi nauyi, kunnensa da dama ya soma ja da baya ya ƙara toshewa. Su ma bafil ɗin sun tsufa tare da shi, takardar cikinsu ta yage, in an kunna sai ka ji kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Wata rana ya ce a kashe, ba ya gane komi. Daga ranar bai sake cewa a kunna ba. Yakan juya fuskarsa bango ya wuni. Likitan da ke duba shi abu biyu ya ja mana kunne a kai, ya kuma maimaita a gabana: kada a bar shi shi kaɗai, kada a tayar masa da hankali. Ku riƙe waɗannan biyun, don ni cikin awa guda na karya su duka.

Yayana Hamidu, da ke aiki a Yamai, shi ya kawo shawarar a sabunta bafil ɗin. Ya ce a nemi masu kyau na gaske, kada a duba tsada, ko Allah zai sa Baba ya sake jin karatu yadda ya saba. Da farko wani abokinsa ya so ya sa. Ni na hana.

“Yaya, ni me nake yi a gidan? Da brebe ɗina fa, takardar gama kolej. Duk abin da aka rubuta a kwali zan karanta.”

“Ke kin san ampili?”

“Me ke cikin ampili? Ba waya biyu ba ne?”

Ya ce to. (Har yau bai tuna mini da wannan maganar ba, kuma shirun nasa ya fi mini zafi.)

Ran Litinin na tafi butikin wani Malam Isufu da ke kusa da tasha, mai sayar da kayan sauti. Dattijo ne siriri, marar hayaniya, tabaransa a ɗaure da zare. Na shiga da taƙama, na ce mafi tsada nake so. Bai ko motsa daga kujerarsa ba.

“Ƙanwata, wa zai saurara?”

“Babana.”

“Me yake saurare?”

“Ƙira'a.”

“Ɗakin nasa fa, taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa?”

Na ji haushin tambayoyin, kamar ina gaban mai jarrabawa. Na nuna masa hoton bayan ampilin da na ɗauka a salulata. Ya ɗaga tabarau ya duba wasu ƙananan lambobi, ya ce tsohon ƙarfe ne mai ƙarfi, zai ja duk abin da aka haɗa masa. Sai ya tashi ya sauko da wasu bafil biyu, gajeru, baƙin katako, ko ɗigon ado babu a jikinsu. Ya ce in ƙwanƙwasa gefen. Na ƙwanƙwasa, na ji kamar na bugi kututturen icce. Ya ce haka ake so, akwatin da ke amsa kuwwa in an buga shi zai riƙa sa baki cikin magana. Ya ce in ɗaga. Da ƙyar na raba shi da tebur. Sannan ya sa muryar wani mai wa'azi, ƙasa-ƙasa, ya ce in rufe ido.

Gaskiya ɗaya ce, na ji abin da ban taɓa ji ba. Har numfashin da mutumin ke ja kafin ya soma jimla sai da na ji, kamar yana zaune a tabarma kusa da ni.

“Mai kunnen da ya yi nauyi ba ƙara yake nema ba,” in ji Malam Isufu. “Harafi yake nema ya fita. Waɗannan su ne na tsohonki.”

Amma ni tuni idona ya sauka kan wasu can ƙurya. Dogaye ne, sun kai mini ƙirji, kowanne da baki uku, katakonsu ja yana ƙyalli. Na je na karanta kwalinsu da ƙarfi da faransanci, har da lambar wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, don ya san ba jahila ce ta shigo masa ba.

“Su ma masu kyau ne, ba zan ɓata kayana ba,” ya ce. “Amma na babban falo ne. Ɗakin tsoho ba zai ɗauke su ba.”

“Ai lambarsu ta ninka ta waɗancan.”

“Lambar ta kwali ce, ƙanwata. Ba kwali ne zai saurara ba.”

Na kafe. Na ce Yaya cewa ya yi masu kyau, ni kuma waɗannan na gani. Yau zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba: so nake a sauke su a ƙofar gidanmu mutane su gani. Tun da Baba ya kwanta ake kallonmu da idon tausayi, na gaji da shi. Malam Isufu ya ce to, gobe da la'asar zai zo ya haɗa da kansa. Na ce ya huta, ja ga ja, baƙi ga baƙi, ko ɗan firamare ya iya.

Ran Talata da sassafe Inna ta tafi Zabori sunan jikar yayarta. Wata takwas rabonta da fita ko nan da can, ni ce ma na matsa mata, na ce ta je ta sha iska, ina nan. Tana ɗaura mayafi tana ce mini, “Kada ki yi nisa da shi.” Na ce, “Haba Inna, ina za ni?”

Da hantsi mai amalanke ya kawo kayan. An gan su kuwa, har maƙwabta na leƙe, raina ya yi fari. Na sa aka ajiye su a zaure, don ina so in gwada can nesa da ɗakin Baba, in komi ya yi daidai sannan in shigar masa da su ba zato. Ya sha maganinsa, barci ya ɗauke shi. Na shiga a hankali na ciro ampilin, da ƙaramin akwatin nan da Yaya ya taɓa haɗa masa, wanda ake soka wa kile, ɗan filashin nan mai ɗauke da ƙira'o'in da Baba ke so. Shi akwatin, da zarar ya samu wuta sai ya soma daga farko, ba ya jiran kowa.

Na haɗa ja ga ja, baƙi ga baƙi. Na soka a bango. Na danna maɓallin ampili. Shiru. (Ɗan ƙwan da ke nuna ya kama ya mutu tun ina ƴar kolej, don haka bai gaya mini komi ba.) Na murɗa ƙara kaɗan. Shiru. Na ƙara murɗawa. Na murɗa har ya tsaya cak, ba sauran inda za shi. Na cire wayoyin na sake ɗaurawa. Ko tari ba su yi ba.

Abin da ko akuyar Gaya ta sani, ni mai brebe bai zo mini a rai ba: an ɗauke kuran, ba wutar lantarki. Da rana ne, ba fitila a kunne, fankar ɗakin Baba kuwa ni na kashe ta da safe saboda sanyin ruwan da aka yi. Da na ɗaga hannu na danna makunnin ƙwan zaure, da labarin nan bai kai ga kowa ba. Amma zuciya ta riga ta hau. Na ce dattijon nan ya ga mace, ya ba ni matattun kaya don na ƙi nasa zaɓin.

Na sa wa ƙofar zaure sakata ta ciki don kada a taɓa kayan. Na leƙa Baba, yana barci, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce minti goma. Na fita ta ƙaramar ƙofar baya, na kulle da makulli, na tare kabu-kabu. Salulata na bar ta a soke a bango, wai tana caji.

A butikin na tarar da mutane, sai da na jira. Da ya waiwayo ni na zazzage masa abin da ke cikina, a gaban kowa. Shi fano yake da shi a saman rufi, wutarsa ta rana ce, komi nasa a kunne yake.

“Akwai kuran a gidanku?” ya tambaye ni.

“Akwai mana,” na ce, ba tare da na sani ba.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in jira ya sallami mutum biyu, mu tafi tare a babur ɗinsa. Minti goman nan sai da ya zama awa.

Tun daga wajen injin niƙa, kafin mu karya kwanar layinmu, na soma jin karatu. Muryar ta cika unguwa, tas, kowane harafi a tsaye. Surar nan ce da ake karanta wa wanda ke kan gargara. A unguwarmu ba a sakin ƙira'a waje da hantsi haka kawai. In ka ji ta tana fita daga ƙofar wani gida, ba ka tambaya, hularka kake ɗauka, mace ta ɗau mayafi. Sanarwar ke nan. Ina bayan babur na ce a raina, Allah ya ji ƙan wanda ya tafi. Ban gane muryar kayana ba, don ban taɓa jin su sun yi magana ba.

Muna karya kwana na ga tabarmi a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidanmu. Maza zaune, kai a sunkuye. Liman a tsakiya. Mata sun taru a ƙofar Gwaggo Bibata, ƙanwar Baba da ke gida na biyu daga namu, ana ta sallallami. Ban san lokacin da na diro daga babur ba. Wata tsohuwa Bazabarma da ke sayar mana da kifi ta kama hannuna biyu, idonta jawur, ta ce, “Fonda tilas, ɗiyata.” Gaisuwar mutuwa ce tasu.

Abin da na ji a wannan lokacin ba ni da kalmarsa. Ƙasa ta juya. Abu ɗaya kawai ke yawo a kaina: ya tafi shi kaɗai, a ɗaki, ƙofa a kulle, makullin a hannuna. Na faɗi a tsakiyar layi. An ce na yi birgima cikin taɓon ruwan safe, hijabina ya koma baya, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. An ce kuma (wannan na tuna da kaina) na riƙa faɗi da iyakar muryata, a gaban Liman da dattawan unguwa duka, “Ni na kashe shi. Na kulle shi na tafi faɗa. Inna ta ce kada in yi nisa. Ni na kashe shi.”

Gwaggo Bibata ce ta ɗago ni. Ita ma fuskarta sharkaf.

“Ƴar nan, me kika ce? Kin kulle shi?”

“Na kulle shi, Gwaggo.”

“Ba uwarki ce a ciki ba? Mun buga mun buga ba a buɗe ba, na ce gyara shi suke yi.”

“Inna tana Zabori.”

“To wa ke cikin gidan?”

“Ba kowa. Shi kaɗai.”

Ta sake ni, ta ja baya kaɗan. “To wa ya kunna karatun?”

A nan Malam Isufu, da ke tsaye riƙe da babur ɗinsa, ya matsa kusa da Liman ya rusuna. Bai ɗaga murya ba, amma duk na kusa sun ji.

“Allah gafarta Malam, wannan muryar kayana ce. Jiya na sayar da su. Ina jin maido da kuran aka yi.”

Karatu na ta fita kamar zai tsaga bango. Ido ya fi ɗari a kaina, ni kuwa ina durƙushe cikin taɓo. Daga baya aka gano babu wanda ya ce Alhaji ya rasu. Kowa ya san yana kwance, kowa ya ji karatu, kowa ya ga na gabansa ya shimfiɗa tabarma. Har an buga wa Yaya, an buga wa Inna.

Kunya ba ta samu wurin zama ba tukuna, don tsoro bai tashi ba. Na ruga ta baya. Gwaggo ta fizge makullin daga hannuna ta buɗe. Ɗakin Baba ba kowa. Zanen rufarsa a ƙasa, sandarsa ba ta nan. Muka bi tsakar gida, ga sawun inda ya ja ƙafarsa ta hagu cikin laka, har bakin zaure.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, tsakanin dogayen bafil ɗin nan biyu. Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa bayan gida. Rigarsa ta jiƙe da gumi, yatsansa na dama a ɗage, leɓɓansa na motsi. Na murɗe ƙarar na kashe. Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe yana duba na, kamar yana so ya tabbatar.

Gwaggo, don murna, ta zare sakatar zaure ta wangale ƙofa, wai mutane su gani da idonsu. Ba ta yi tunani ba, ni ma ban yi saurin hana ta ba. Sai ga Baba ga tabarmi, ga Liman, ga abokansa na tasha, ga wani maƙwabcinmu yana ƙoƙarin ɓoye farin yadi a bayansa.

“Wa ya rasu?” in ji Baba.



Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan mai farin yadin. “To,” ya ce. “Ni ne ke nan.”

Liman ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya ce, “Alhaji, ai an ce wanda aka yi wa zaman makoki da ransa, sai ya binne duk waɗanda suka zauna.” Wasu suka yi dariya, ta neman mafita. Baba bai yi ba. Ya ce kansa na sara, a kwantar da shi. Kafin a kai shi gado bakinsa ya karkace.

Kwana huɗu muka yi a asibiti. Likitan da ya auna shi bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, “Wa ke tare da shi?” Na ce ni ce. Ya rubuta abin da zai rubuta. Inna ta iso da la'asar ɗin ranar, muryarta ta dishe don kukan da ta yi a mota kafin waya ta biyu ta same ta. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba sai da aka kwana uku. Hannun Baba na hagu, wanda ya soma riƙe kofi kafin wannan ranar, ya koma yadda yake a farkon ciwo. Har yau bai dawo ba. Wannan ba ya cikin labarin da ake ba da shi a unguwa ana dariya.

A rana ta uku da azahar, ina yi masa fifita, Inna ta fita alwala. Ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Uwata.”

“Na'am, Baba.” Na durƙusa. “Baba, ka yafe mini.”

Ya ɗaga hannun dama, alamar in saurara. Maganarsa a hankali take fita yanzu, sai ka kasa kunne.

“Karatun ne ya tashe ni. Shekara biyu ban ji harafi ya fita haka ba. Na kira uwarki, shiru. Na kira ki, shiru. Na sake kira. Sai na ce, to, ashe haka ake tafiya. Kana ji, ba a jin ka.”

Na kasa ɗaga kai.

“Mutanen ƙofa ba su ba ni tsoro ba. Sun kyauta ma, sun yi saurin zuwa. Na ɗauka tun da na kwanta an manta da ni.” Ya numfasa. “Kiran nan ne. Sau bakwai na kira ki.”

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kuka a gefen gadon nan ba. Ya bar ni na yi. Da na lafa ya ce ya yafe, duniya da lahira, sannan ya ce dogayen nan a mayar, ba gidan biki ba ne. Malam Isufu ya karɓe su, ya zo da kansa ya haɗa gajerun nan baƙaƙe a ɗakin, ya sa wa maɓallin ƙara alama da farin fenti, ya ce kada a wuce nan. Ni yake kallo sa'ad da yake faɗi.

Yanzu a unguwa sunana mai sanarwa. Tsofaffin mata in sun gan ni a bakin famfo sai su ce, “Ƴar nan, ranar tawa ke za ki kunna mini, naki ya fi kaiwa nesa.” Nakan yi murmushi in wuce.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, yarinyar da ba ta taɓa shiga ajin lakol ba ma ta san shi: in abu ya ƙi magana, ka fara duba ko akwai wuta kafin ka ɗau mayafi ka tafi faɗa. Sauran karatun kuwa Baba ne ke ba ni shi kullum. Na dawo da tabarmata bakin ƙofarsa, a nan nake tsintar shinkafa, a nan nake guga. Wani lokaci yana kwance, karatu na fita ƙasa-ƙasa, sai in ji, “Uwata.” Kafin ya rufe baki na amsa, na shigo. Sai ya dube ni ya ce, “Ba komi. Je ki abinki.”

Jiya sau biyar ya yi mini haka. Duka biyar ɗin da gudu na je.